Ramin da Ba Ya Ƙarewa: Talabijin da Neman Dukiyar da 'Yan Fashi Suka Binne

A daren 21 ga Afrilu, 1986, mutane kimanin miliyan 30 a Amurka suka zauna gaban talabijin suna jiran a rushe wani bango a ƙarƙashin otal ɗin Lexington da ke birnin Shikago. Otal ɗin ya taɓa zama sansanin Al Capone, ƙasurgumin mai laifin nan da ya tara dukiya da fataucin barasa a zamanin da dokar ƙasar ta haramta ta, kuma masu shirin gyaran ginin sun ci karo da wani sashe a ƙarƙashin ƙasa da aka toshe da siminti. Ɗan jarida Geraldo Rivera ne ya jagoranci shirin kai tsaye na tsawon awa biyu. An ajiye likita mai binciken gawa a gefe ko da za a tarar da ƙasusuwan mutane, an kuma ajiye jami'an haraji ko da za a tarar da kuɗi, domin Capone ya mutu a 1947 gwamnati tana bin sa bashin haraji. Aka ture bangon farko, aka fasa na biyu da nakiya, ƙura ta turnuƙe, ma'aikata suka shiga da shebur. Abin da ya fito shi ne tarin ƙasa da 'yan tsofaffin kwalabe marasa komai a ciki.

Ga mai kallo, wannan dare ta leƙo ta koma ne. Ga masu tashoshin talabijin kuwa, kakarsu ce ta yanke saƙa, domin shirin ya tara jama'ar da irinsa bai taɓa tarawa ba, kuma duk wanda ya sayi gurbin talla a cikin awa biyun nan ya samu idanun da ya biya kuɗi dominsu. A ganina, daga wannan dare ya kamata a fara duk wata magana a kan shirye-shiryen neman dukiyar da ake cewa 'yan fashi sun binne, irin waɗanda suka cika tashoshin tauraron ɗan'adam da YouTube a yau, waɗanda mu ma muke kallo a gidajenmu da wayoyinmu. Masana'antar ta koyi cewa ribar tana cikin jiran da mai kallo yake yi, kuma jiran nan yana da kuɗinsa ko ramin ya fitar da zinariya ko bai fitar ba. Kuskure ɗaya da aka gyara bayan 1986 shi ne buɗe ramin gaba ɗaya a dare guda. Yanzu ana rarraba tonon kashi-kashi, zango bayan zango, yadda ba za a taɓa kaiwa ranar da za a ce an duba ko'ina kuma babu komai ba. Shirin da ake yi a tsibirin Oak na ƙasar Kanada, inda ake cewa 'yan fashin teku ko wasunsu sun ɓoye taska, ya fara a watan Janairun 2014, ya haura zango goma, taskar kuwa har yanzu ba ta fito ba.

Shakkata ta fara ne daga tarihin 'yan fashin kansu, kuma a nan nake son in ɗan dakata, domin tambaya ta farko da ya kamata a yi ita ce ko an taɓa samun rarar kuɗin da za a binne tun asali. Jesse James, wanda aka fi danganta masa ɓoyayyar dukiya fiye da kowa a Amurka, an haife shi a jihar Misuri a 1847, ya shafe fiye da shekara goma yana fashin bankuna da jiragen ƙasa tare da yayansa Frank da 'yan gidan Younger. Fashin bankin garin Liberty na watan Fabrairun 1866, wanda ake dangantawa da ƙungiyarsu, ya kai kimanin dala 60,000, kuma yana cikin mafi tsoka da aka taɓa jingina musu. Amma kuɗin fashi rabawa ake yi, kuma mai gudun hukuma rayuwarsa tsada gare ta: dawaki, makamai, masauki, cin hanci, toshiyar bakin waɗanda suka san maɓoyarsa, ga caca da sukuwar dawaki da Jesse ya shahara da so. A harin da suka kai bankin Northfield na jihar Minesota a ranar 7 ga Satumba, 1876, mutanen gari suka buɗe musu wuta, aka kashe wasu, aka kama 'yan gidan Younger su uku bayan 'yan makonni, abin da suka fita da shi daga bankin kuwa bai kai dala 30 ba. Ranar 3 ga Afrilu, 1882, da Robert Ford ya harbe Jesse a garin St. Joseph, gidan haya yake ciki da sunan aro, yana kuma shirya wani sabon fashin banki. Bayan mutuwarsa sai da aka yi gwanjon kayan ɗakinsa, matarsa ta ƙarasa rayuwarta cikin talauci har ta rasu a 1900. Frank ya miƙa wuya a 1882, kotu ta sallame shi, ya rayu har 1915, ya yi aikin sayar da takalma a kanti, ya yi tsaron ƙofar gidan wasa a St. Louis. Mutumin da ya san inda aka binne miliyoyi, ga 'yanci, ga shekara talatin a gabansa, yana da wuya a yarda zai zaɓi ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar tikiti.

Labarin Sam Bass ya fi fitar da lissafin fili, domin ana iya bin kuɗinsa kusan sule-sule. A ranar 18 ga Satumba, 1877, shi da mutum biyar suka tare jirgin ƙasa a Big Springs ta jihar Nebaraska, suka kwashe dala 60,000 na sababbin sulallan zinariya masu darajar dala 20 kowanne. Sulalla 3,000 ke nan, kowanne nauyinsa giram 33 da ɗoriya, jimilla kusan kilo 100, kowa ya tashi da sulalla 500. Ba a yi kwana goma ba aka harbe biyu daga cikinsu a jihar Kansas, aka ƙwato kasonsu. Na uku ya koma gida Misuri ya shiga banki yana canjin zinariya, hakan ya tona masa asiri, shi ma aka harbe shi. Bass ya koma Tekzas yana kashe nasa hannu sake, kuma kafin a yi wata bakwai ya dawo tare jiragen ƙasa a kewayen Dalas, yana samun abin da bai taka kara ya karya ba. Ya mutu a Round Rock ranar 21 ga Yuli, 1878, ranar da ya cika shekara 27, sakamakon harbin da aka yi masa lokacin da ya je leƙen bankin da yake shirin yi wa fashi. Duk da haka har gobe ana nuna kogo da tsauni a Tekzas ana cewa a nan zinariyar Bass take kwance. Haka shi ma Butch Cassidy, wani shahararren ɗan fashin bankuna da jiragen ƙasa: an san inda kuɗinsa suka tafi, domin a 1901 ya tsallaka Ajantina ya kafa gonar kiwo a Cholila, daga baya ya koma aikin albashi a wata mahaƙar kuza a Bolibiya.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda shirye-shiryen ba sa son tsayawa a kanta. Shahararren labarin tsaunukan Wichita na jihar Oklahoma yana cewa ƙungiyar James ta ƙwace zinariya ta dala miliyan biyu daga wani ayari a ƙasar Meziko, ta koro dabbobin har can, ta binne kayan saboda tsananin sanyi. A wancan ƙarni farashin zinariya a Amurka dala 20.67 ne kowane oza, wato dala miliyan biyu ta kai kusan tan uku. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san abin da dabba za ta iya jurewa a doguwar tafiya. Ko an ce kowace ta ɗauki kilo 75, ana bukatar dabbobi arba'in, da abincinsu, da ruwansu, da masu kora su, a ratsa ɗaruruwan kilomita, mutanen kuma waɗanda ake farauta ruwa a jallo. Asara irin wannan ba ta faruwa shiru. Da mai dukiyar ya kai ƙara, da jaridu sun buga, da an sa ladan kamawa. Masu shiri sukan nuna taswira da zane a jikin dutse, amma takardar da ta nuna cewa wani ya yi asarar wannan zinariya tun farko, ita ce ba sa kawowa.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa mutane sun binne dukiya, kuma ana tono ta. A zamanin da banki yake nesa ko ba a amince da shi ba, tukunya da rami su ne asusu, kamar yadda kakanninmu ma suka yi. William Kidd, wanda aka tuhuma da fashin teku, ya binne zinariya da azurfa a tsibirin Gardiners kusa da New York a 1699, kuma wannan yana rubuce. Sai dai a cikin shekarar aka tono kayan bisa umarnin gwamnan yankin, aka aika da su Ingila a matsayin shaida, aka rataye Kidd a Landan a 1701. A 2013 wasu mata da miji a arewacin Kalifoniya suna zagayawa da karensu a cikin filinsu suka hango bakin wani gwangwani mai tsatsa ya leƙo daga ƙasa. Suka tono gwangwanaye takwas ɗauke da sulallan zinariya 1,427 na tsakanin 1847 da 1894, waɗanda aka ƙiyasta darajarsu a kan dala miliyan 10. Sun yi kusan shekara ba su sanar da duniya ba, kuma har yau sun ɓoye sunansu da inda filin yake. A 2003 wasu sojojin Kolombiya suka ci karo da duro-duro na kuɗi da 'yan tawayen FARC suka binne a dajin Caquetá, suka raba a tsakaninsu, aka gane su ta hanyar facakar da suka shiga yi, aka gurfanar da su a kotun soja. A nan gida ma, dala miliyan 43 da hukumar EFCC ta gano a wani gida a Ikoyi a watan Afrilun 2017, wani ne ya tsegunta. Idan aka jera waɗannan, za a ga cewa ɓoyayyar dukiya ta hanya biyu take fitowa: ko dai tsintuwa ce ta katari, ko kuma wanda ya san sirrin ne ya yi magana tun sirrin yana da ɗumi. Babu ɗaya daga cikinsu da aka samu ta hanyar fassara alama a jikin bishiya, kuma babu wanda ya fara kiran masu kyamara kafin ya sa hannu a ramin.

Kuɗin takarda kuwa ƙasa ba ta raga musu. A ranar 24 ga Nuwamba, 1971, mutumin da ake kira D. B. Cooper ya yi fashin jirgin sama, ya karɓi dala 200,000, ya diro da lema cikin dare, ba a sake ganinsa ba. A watan Fabrairun 1980 wani yaro ɗan shekara takwas yana share yashi domin hura wuta a gaɓar kogin Kolombiya da ke arewa maso yammacin Amurka, sai ya tono ƙulli uku na takardun dala 20, jimilla kimanin dala 5,800, lambobinsu suka yi daidai da na kuɗin fansar. Hotunan takardun suna nan: gefunansu sun cinye sun zama kamar ganyen da tsutsa ta ci, sun manne da juna, wasu sun yi baƙi, robar da aka ɗaure su da ita tana marmashewa. Shekara takwas kacal ke nan. Saboda haka idan aka ce akwai damin takardun kuɗi na shekara ɗari da hamsin a cikin jakar fata a ƙarƙashin ƙasa mai laima, mai hankali ya san abin da ya rage.

To daga ina labaran suke fitowa? Tun Jesse James yana raye wani editan jarida a Kansas City, John Newman Edwards, ya riƙa zana shi a matsayin gwarzon jihohin Kudu da aka zalunta bayan yaƙin basasar Amurka, mai ƙwace na masu hali, sannan ƙananan littattafan nishaɗi masu arha suka ɗora daga nan. A 1948 wani tsoho mai suna J. Frank Dalton ya bayyana a garin Lawton yana cewa shi ne Jesse James, wai wani aka kashe a madadinsa. Masu kogon Meramec na Misuri, waɗanda ke tallata wurin a matsayin maɓoyar James, suka ɗauke shi suka ajiye domin jan 'yan yawon buɗe ido. Dalton ya mutu a 1951, amma wani abokin tafiyarsa da ke kiran kansa jikan Jesse ya ci gaba da yaɗa cewa James ma'ajin wata ƙungiyar asiri ce ta 'yan Kudu mai suna Knights of the Golden Circle, wadda ta binne zinariya a faɗin ƙasar domin sake tayar da yaƙi. Ƙungiyar ta wanzu da gaske, George Bickley ne ya kafa ta a shekarun 1850, amma ta watse tun lokacin yaƙin, shi kansa Bickley ya mutu a 1867 ba shi da komai. A 1995 aka tono kabarin Jesse a garin Kearney, aka gwada ƙwayoyin halitta da na zuriyar 'yar'uwarsa, sakamakon ya dace da cewa shi ne a kwance a wurin. Wannan ya rushe da'awar Dalton, kuma duk abin da aka gina a kanta ya kamata ya bi ta, amma har yau shirye-shirye suna ɗauko labarin ƙungiyar asirin suna gabatar da shi kamar sabon bincike.

Irin wannan ne ya faru da Dutch Schultz, wani uban masu laifi na New York da aka harbe a wani gidan abinci a Newark a watan Oktoban 1935. Yana kwance a asibiti zazzaɓi ya rufe shi yana sambatu, 'yan sanda suka zaunar da magatakarda a gefen gadonsa yana rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa. Waɗannan sambatu na mai magagin mutuwa su ne masu neman dukiya suke bi kalma-kalma suna neman ishara zuwa ga akwatin ƙarfe mai dala miliyan bakwai da ake cewa ya binne kusa da ƙauyen Phoenicia a tsaunukan Catskill. Maganar da ba ta da kai, kowa yana iya sa mata kan da yake so, shi ya sa ba ta ƙarewa.

Sai na'urori, waɗanda su ne suke sanya wa shirin rigar kimiyya. Na'urar gano ƙarfe ta hannu tana jin sule ɗaya ne a zurfin da bai fi kamu ɗaya ba, babban ƙarfe kuwa mita ɗaya ko biyu, kuma kuka take yi a kan ƙusa, da kofaton doki na ƙarfe, da gwangwani, da waya, har da ƙasar da ke da ma'adini. Na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ba hoton akwati take nunawa ba, layuka ne masu lanƙwasa da ke nuna cewa wani abu a ƙasa ya bambanta da abin da ke kewaye da shi, wanda zai iya zama dutse, ko saiwa, ko ramin dabba, ko jijiyar ruwa, kuma a ƙasa mai yumɓu da laima ƙarfinta raguwa yake yi sosai. An ga misalin haka a Walbrzych ta ƙasar Folan, inda wasu mutum biyu suka ce a 2015 radarsu ta nuna jirgin ƙasa na 'yan Nazi maƙare da zinariya. Masana ƙasa daga wata jami'a a Krakow suka auna wurin suka ce babu jirgi, aka ƙi ji, aka tona a watan Agustan 2016, ba a samu komai ba. Mafi muni su ne sandunan ƙarfe da akwatunan da ake cewa suna nuna zinariya daga nesa. Babu gwajin kimiyya da ya tabbatar da su, hannun mai riƙewa ne yake juya su ba tare da ya sani ba. Irin wannan kayan ne wani Bature ɗan Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi a matsayin na'urar gano bam, kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 2013.

Duk wanda ya zauna ya kalli kashi ɗaya da idon basira zai ga yadda ake ɗinka shi. Na'ura ta yi ƙara, mutum ya durƙusa yana kwashe ƙasa da hannu, kyamara ta matso kan fuskarsa, kiɗa ya ƙara ƙarfi, ya buɗe baki yana kiran abokinsa, sai a yanke a tafi talla. Bayan an dawo a maimaita minti ɗaya na abin da ya wuce, sannan a nuna wani guntun ƙarfe mai tsatsa a tafin hannu. A kai shi wurin masani, masanin ya ce linzamin doki ne ko maɓallin riga, kuma zai iya kasancewa na ƙarni na 19. Daga nan mai ba da labari ya ɗauka da tambaya: shin wannan na dokin ɗan fashin ne, kuma idan haka ne, shin dukiyar tana kusa? Tambaya ba ta ɗaure mai yin ta, domin bai ce komai ba balle a kama shi da ƙarya, amma kafin kashi na gaba tambayar ta rikiɗe ta zama tubalin da ake ɗora wata a kai. Linzami kuwa a ƙasar da dubban manoma da fatake da sojoji suka ratsa a kan dawaki ba ya nuna komai sai cewa doki ya taɓa wucewa. Ga kuma wata hujja mai sauƙi da mai kallo zai iya riƙewa: ana ɗaukar waɗannan shirye-shirye ne watanni kafin a nuna su, gaban ma'aikata da yawa, da masu fili, da jami'an da suka ba da izini. Da an samu tan ɗaya na zinariya, da labarin ya karaɗe duniya tun kafin a gama tace hoton. Shirin da tashar Discovery ta fara a 2017, inda wasu tsofaffin jami'an leƙen asirin Amurka biyu suka bi sawun kuɗin Pablo Escobar, ƙasurgumin dillalin hodar ibilis, a Kolombiya, haka ya ƙare ba a ga miliyoyin ba, alhali Escobar ya ɓoye kuɗi da gaske kuma a 1993 ya mutu. Waɗanda suka san maɓoyan sun riga kowa zuwa da shekara ashirin.

Maganar doka ma ana tsallake ta. Kayan sata ba ya zama na wanda ya tsinta, mai shi ko magadansa ko kamfanin inshorar da ya biya asarar suna da haƙƙi a kai. A Amurka abin da aka tsinta ma ana biya masa haraji, kamar yadda kotu ta tabbatar a hukuncin 1969 a kan wasu ma'aurata a Ohayo da suka tarar da dala 4,467 a cikin tsohon fiyano da suka saya. Wata doka ta 1979 ta hana tonon kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba tare da izini ba, kuma wani babban sashe na tsaunukan Wichita da ake ta magana a kansu gandun namun daji ne na gwamnati. Mai karatun fiƙihu zai tuna cewa malamai sun rarrabe tsakanin rikazi, wato dukiyar mutanen da da ba a san mai ita ba, wadda ake fitar wa ɗaya bisa biyar, da tsintuwar da ake cigiyar mai ita. Dukiyar da aka san bankin da aka sace ta a ciki ba ta shiga babin rikazi.

Wani zai ce nishaɗi ne kawai, a bar mutane su kalla. Da abin ya tsaya a kan kujera da ban damu ba, amma yana sauka ƙasa. Mutum shida suka mutu a tsibirin Oak a tsawon shekarun da aka yi ana tono. Lokacin da wani dillalin kayan tarihi, Forrest Fenn, ya ɓoye akwatin zinariya a tsaunukan Rocky a 2010, mutum biyar suka rasa rayukansu wajen nema kafin a gano shi a 2020, wani kuma aka ɗaure shi saboda ya tona maƙabartar tarihi a gandun Yellowstone. Wannan fa akwatin da yake akwai ne. Kowane rami da aka yi da motar haƙa a tsohon kufai yana hargitsa jerin ƙasar da masu binciken kayan tarihi suke karantawa domin sanin me ya riga me, kuma idan aka hargitsa shi ba ya gyaruwa. Sannan shirin yana koya wa mai kallo wata hanyar tunani mai haɗari, inda rashin samun abu yake zama dalilin ƙara zuba kuɗi, inda duk wanda ya yi shakka ake cewa yana ɓoye wani abu. Da wannan tunanin ɗan damfara yake aiki a garuruwanmu idan ya zo wa mutum da labarin tukunyar zinariya a tsohon kango, wadda ba za ta fito ba sai an sayi turare da rago, in an tona ba a gani ba kuma ya ce an saɓa sharaɗi, a sake kawo kuɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarihin gaskiya na waɗannan mutane yana nan a rubuce, a takardun kotu da rahotannin kamfanonin jiragen ƙasa da jaridun zamanin, kuma ya fi tatsuniyar nauyi. A cikinsa akwai ma'ajin bankin Northfield, Joseph Lee Heywood, wanda ya ƙi buɗe asusun ajiyar mutanen garinsa aka harbe shi a wurin, sunansa kuwa da wuya a ji shi a shirin neman zinariya. A cikinsa akwai mahaifiyar Jesse, Zerelda, wadda ta rasa hannunta da ƙaramin ɗanta a daren da jami'an kamfanin binciken masu laifi na Pinkerton suka jefa abin fashewa cikin gidanta a 1875. Bayan an kashe Jesse ta binne shi a farfajiyar gidan gonarta domin kada a sace gawar, baƙi suka riƙa zuwa kallo, ita kuma tana karɓar kuɗin shiga tana sayar musu da tsakuwar kan kabarin a kan senti 25 kowace ɗaya, idan tsakuwar ta ƙare ta sauka rafin da ke kusa ta ɗebo wata ta zuba. Da wannan ta riƙe kanta a shekarun tsufanta, a gonar da 'ya'yanta biyu suka tashi, har ta rasu a 1911.